Wandon Ɗan Gaye

Ɗan Gaye ya tsuguna gaban bokiti, ya rataye tsohon wandon jins a sanda, ƙafafun wandon cikin ruwan rini. Sai ga Kaka.

KAKA: Kai Ɗan Gaye, wanki kake ko kamun kifi?

ƊAN GAYE: Rini nake, Kaka. So nake ƙasa ya yi shuɗi ƙirin, yana hawa yana koɗewa, har ya iso ƙugu da haske.

KAKA: Wandon da ya riga ya koɗe da kansa?

ƊAN GAYE: Ya koɗe, amma ba irin koɗewar da ake yayi ba.

KAKA: Ikon Allah! Yau koɗewa ma ta samu aji. To zuba masa bilic ka huta mana.

ƊAN GAYE: Akwai roba a saƙarsa, bilic cinye ta zai yi, gwiwa ta saki kamar buhu. Wannan aikin lissafi ne. Sai da na jiƙa shi jagab tukuna, don busasshen yadi layi yake yi kamar an ja da rula. Ruwan da zafinsa, wajen digiri 60, da gishiri kofi guda don audugar ta kama launi.

KAKA: Har da gishiri? Saura cokali.

ƊAN GAYE: Na tsoma shi har cinya, minti 1 kacal. Na ɗaga zuwa gwiwa, minti 10. Yanzu bakin ƙafa ne zai sha minti 20, ina ɗan jijjiga shi kada iyakar ta fito.

KAKA: Ga zaren ɗinkin nan ya ƙi ka, yana nan ruwan ɗorawarsa.

ƊAN GAYE: Shi ba auduga ba ne, foliyesta ne, wannan rinin ba ya kama shi. Ai shi ne adon. Kaka, don Allah duba mini shi, in ɗauko ruwan ɗauraya. Kada ki taɓa komai.

KAKA: Jeka abinka. Ni da na yi rini tun uwarka ba ta yi haƙori ba.

Ya cire safar hannu ya fita. Kaka ta dubi wandon, rabi a ciki rabi a waje, abin ya tsaya mata a rai. Ta zare sandar, ta danna shi can ƙasa, ta juya, ta ƙara juyawa.

ƊAN GAYE: Innalillahi! Kaka, ina wandon?

KAKA: Yana ciki yana sha. Na ga ƙugun yana ta kallon ƙafafu suna sha su kaɗai, tausayi ya kama ni.

Bai tsaya neman safa ba, ya zura hannu har gwiwar hannu yana lalube. Da ƙyar ya kamo shi. Wando ya fito launi ɗaya tak, daga sama har ƙasa.

ƊAN GAYE: Shi ke nan! Aikin awa guda ya tashi a banza!

KAKA: Wane banza? Ɗaga hannunka in gani. Yatsu shuɗi ƙirin, wuyan hannu ya ɗan sassauta, can sama haske. Ba abin da kake nema ke nan ba?

ƊAN GAYE: A wando nake so, Kaka!

KAKA: To miƙo ɗayan hannun, kada a ce ƙafa ɗaya ka rina.