Hukuncin jabun sassaƙa a Amurka bai kai girman laifin ba

A shekarar 2023 wata kotun tarayya a Seattle ta yanke wa Lewis Rath ɗaurin talala na shekara 2, bayan ya amsa cewa ya riƙa sayar da kayan sassaƙa da ƙaryar cewa shi ɗan ƙabilar Apache ne, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka. Wannan hukunci abin takaici ne, domin dokar 1990 da ke kare sana'ar hannu ta 'yan asalin Amurka ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 5 ko tarar dala 250,000 a laifin farko.

Wanda ke ganin lamarin ƙarami ne ya dubi Johnson Antonio, masassaƙi ɗan ƙabilar Navajo ta 'yan asalin Amurka, da aka haifa a 1931 a Lake Valley, jihar New Mexico. Ya shafe shekaru yana leburanci a kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific, ya koma kiwon tumaki, kuma sai da ya haura hamsin ya fara sassaƙa. Yakan tsinci busasshen itace a kwazazzabai, ya fasa da gatari, ya fitar da siffa da 'yar wuƙa, sannan ya shafa fenti da farar ƙasar da mutanensa ke amfani da ita a bukukuwan gargajiya. Abin da yake fitarwa mutanensa ne: makiyaya, da tsofaffi lulluɓe da bargo, da mata rungume da 'yan raguna. Ya yi haka a al'ummar da ta daɗe tana ƙyamar sassaƙa siffar mutum, kuma yau ayyukansa suna gidan tarihin Smithsonian a Washington.

Wannan rayuwa ce mai saye yake biya wa kuɗi, ita kuma ɗan jabu yake sacewa. Masu cewa tunda kayan sun burge mai saye babu wanda aka cuta, ba su taɓa tunanin masassaƙin da ke jiran cinikin ya ciyar da gidansa ba.

Abin kunya ne a ce sai a 2018 aka fara ɗaure wani a ƙarƙashin dokar, wato Nael Ali, ɗan kasuwar birnin Albuquerque da ya sayar da kayan adon da aka ƙera a ƙasar Filifin a matsayin na Navajo, shi ma wata 6 kacal. Alƙalai su fara amfani da hukuncin da doka ta ba su, a kuma tuhumi masu shagunan da ke karɓar kaya ba tare da tambayar asalin mai su ba.