Angon ƙarni, ba sabuwar mota ce matsalarka ba

Duk wanda ke zama da masu son mota ya san hirarsu, taya ne, wil ne, baƙin mai ne, wace giya ce ta fi laushi, wace mota ce ke zuƙar mai kamar an huda tanki. Mu ma haka muke ni da abokaina shekara da shekaru. To kwanaki sai ɗaya daga cikinmu ya zo da albishir cewa madam ta kusa sauka, cikin fari, kuma abin da ya fara jefo mana shi ne wai wace jif zai saya tunda iyali za su ƙaru. Nan fa musu ya kaure, wannan ya ce kaza ta fi faɗin but, wancan ya ce kaza ta fi ƙarfin bodi, aka kwashe kusan awa guda ana yi, kuma wallahi ba wanda ya ce uffan kan inda shi jaririn zai zauna a cikin motar. Da na tambaya sai aka bi ni da kallo kamar na yi tambayar yara, wani ya ce haba malam, ai uwarsa za ta riƙe shi mana.

Wannan amsar ce ta sa ni zama rubutun nan. Ni a ganina mai jiran haihuwa da yake da mota, tsohuwa ce ko sabuwa, abin da ya fi buƙata shi ne kujerar jarirai da kuma ya iya ɗaura ta, zancen canza mota kuwa ya biyo baya in ma akwai dalili.

Bari mu fara da cinyar uwar. Mota na tafiya kilomita 50 a awa, wanda ko gudu ba a kiransa, tafiyar cikin gari ce, in ta daki abu ta tsaya cak to ita ce fa ta tsaya, na cikinta suna nan suna tafiya da gudun nan har sai wani abu ya tare su. Lissafin daidai yake da mutum ya faɗo daga tsayin mita 10, kamar daga saman bene hawa uku. A ƙiftawar idon nan nauyin jiki kan ninku kamar sau 30, kaga jariri mai kilo 5 ya koma kamar kilo 150 yana fizgewa daga hannu, kuma ba shiri ba sanarwa. Wace mai jego ce za ta iya riƙe wannan? Ko ɗan dambe ka ba shi ba zai riƙe ba. Wasu kuma don son yaron sai su ja bel su zagaye kansu da shi a tare, wannan ma ya fi muni, domin nauyin babban ne zai matse yaron a jikin bel ɗin.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa min, wai mu ai haka muka tashi a cinya muke tafiya ga mu nan garau. Gaskiya ne ga mu nan, amma waɗanda ba su kai labari ba ai ba sa zaune a wurin hirar balle su faɗi nasu. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma tsakanin ɗan shekara 5 zuwa 29 ba abin da ke kisa kamarsa. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta ce kujerar yara na rage yiwuwar mutuwa da kashi 71 cikin ɗari ga jarirai ’yan ƙasa da shekara ɗaya, da kashi 54 ga ’yan shekara 1 zuwa 4 a ƙananan motoci. Su ma can ba da son ransu suka fara ba, wani likitan yara ne Robert Sanders ya yi ta naci har jihar Tennessee ta zama ta farko da dokar tilasta sa yara a kujerar ta fara aiki a 1978, sai 1985 sauran jihohin suka gama shigowa. Mai cewa komai ƙaddara ce kuwa ba na musu da shi, amma na lura shi ma yana gyara birkinsa in ya fara shanyewa.

Inda aka fi samun gardama ko a cikin waɗanda suka yarda su sayi kujerar shi ne ina za ta fuskanta. Jariri bayansa ake juyawa ga gaban mota, fuskarsa na kallon gilashin baya, kuma iyaye da yawa abin ba ya musu daɗi, suna ƙagara yaro ya ɗan tasa su juyo shi su riƙa ganin fuskarsa a madubi. Dalilin juyawar yana jikin yaron ne. Kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, na babba kuwa wajen kashi 6 cikin ɗari ne kawai, ga ƙashin wuyan bai gama ƙwari ba. In yana kallon gaba aka yi karo, igiyoyin kujera za su riƙe kafaɗu da ƙirji, shi kuwa kan ba abin da ya riƙe shi, sai ya yi gaba da ƙarfi ya ja wuyan, kuma laka ba ta jure ja. In kuwa baya yake kallo, bugun sai ya tura shi cikin kujerar gaba ɗaya, kai da wuya da gadon baya su tafi tare, ƙarfin ya bazu a faɗin baya. Wani farfesa ne ɗan Suwidin, Bertil Aldman, ya fito da wannan dabarar a 1964 tare da kamfanin Volvo, bayan ya ga yadda ’yan sama jannatin Amurka ke kwanciya rigingine lokacin da kumbo zai tashi don bayansu ya ɗauki matsin. Har yau a Suwidin yara kan kai shekara 4 suna kallon baya a mota. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba R129 da ta fara aiki a 2013 ta ce dole yaro ya kalli baya har wata 15 aƙalla, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma da tana cewa shekara 2, a 2018 ta cire adadin ma gaba ɗaya ta ce a bar shi haka har sai ya wuce tsawo ko nauyin da kujerar ta yarda da shi.

To ƙafafunsa fa, ba za su takura ba? Wannan tambayar kowa sai ya yi ta. Ku kalli yadda yaro ke zama a ƙasa yana wasa, ya naɗe ƙafa ya lanƙwashe ta yadda ni da kai in muka gwada sai an tashe mu. Ba ya damunsa. In ma an ce ƙafa za ta bugu, ƙafa ana ɗaurinta ta warke.

Abu ɗaya da ba sassauci a cikinsa, kujera mai kallon baya ba ta zama a gidan gaba, wurin mai zaman banza, muddin jakar iskar nan ta dashbod, wadda ke fitowa ta tare mutum lokacin karo, tana kunne. Jakar na fitowa da gudun da kan kai kilomita 300 a awa, kuma daidai bayan kan jaririn za ta daka. Shi ya sa ake manna gargaɗin a jikin makarin rana na motoci, mun saba ganinsa ne har mun daina karantawa.

Yanzu ga inda nake son masu mota su saurare ni da kyau, don nan ne mu ’yan ganin mun iya muke faɗuwa. Sayen kujera rabin aiki ne. NHTSA ta bi ta duba motocin mutane ta samu kashi 46 cikin ɗari na kujerun yara an ɗaura su ko ana amfani da su ba daidai ba, kusan rabi kenan, kuma waɗannan iyaye ne da suka damu har suka saya. Ni kaina ina cikinsu. Lokacin da aka haifa min ta fari na ɗaura kujera da hannuna ina ji da kai, mutumin da yake canza filogi da kansa ai kujerar roba ba za ta gagare shi ba, ko takardar cikin kwalin ban buɗe ba. Sai da muka yi kusan wata guda muna yawo a haka, ranar nan matar wani abokina ta zo saka nata yaron ta ɗan girgiza tamu, sai ga kujera tana rawa hagu da dama kamar haƙori mai shirin fita. Ashe bel ɗin ta hanyar da ba ita ba na bi da shi, na zura ta ramin da aka yi don lokacin da kujerar za ta kalli gaba. Kunyar da na ji ranar ba a magana, tsoron kuma sai da dare ya zo min.

Ƙa'idar mai sauƙi ce, ka kama kujerar daidai inda bel ya ratsa ka girgiza da hannu ɗaya, kada ta motsa fiye da santimita 2.5 ta kowane ɓangare. Motoci da yawa ma sun hutar da mu wahalar bel ɗin, in ka zura hannu tsakanin mazauni da majinginar gidan baya za ka ji wasu ƙugiyoyin ƙarfe guda biyu, su ake kira ISOFIX, sun fara fitowa a 1997 a Volkswagen Golf tare da kamfanin kujeru na Britax Römer, a Amurka kuma LATCH suke ce wa nasu, ya zama dole a sababbin motoci tun Satumba 2002. Ka tura kujerar ta ce ƙas, shikenan. Mutum zai shekara biyar da mota ya san girman injinta da lambar tayarta amma bai san da ƙugiyoyin nan ba. Sai igiyoyin da ke riƙe yaron, ka ja su har in ka kai yatsa biyu kan kafaɗarsa ka kasa tsunkuno igiyar, kuma a cire masa rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure, domin kaurin na lotsewa lokacin karo ya bar sarari, gara a ɗaure shi sannan a lulluɓa bargo a sama. Jinjiri sabon haihuwa kuma kujerar a kishingiɗe take so, kamar rabi tsakanin zaune da kwance, in ta miƙe da yawa kansa sai ya rinjayo kan ƙirji ya toshe masa numfashi, kuma a tafiya mai nisa ana tsayawa a fito da shi ya miƙe kamar duk awa biyu.

Batun tsada, ban yarda cewa sai mafi tsada ba. Wadda ta ci gwaji, ta shiga motarka daram, kuma za ka iya ɗaura ta daidai kullum ko kana sauri, ta fi mai ƙyalƙyali da ka kasa gane kanta. Duba lambar shaida a jikinta, ta Turai takarda ce ruwan lemo mai harafin E cikin da'ira da R44 ko R129. Ta hannu ce nake ɗar-ɗar da ita, don kujerar da ta taɓa shiga haɗari mai ƙarfi ta gama aiki ko da ido bai ga tsaga ba, kuma robar na tsufa da zafin rana, shi ya sa kamfanoni ke sa mata wa'adi, yawanci shekara 6 zuwa 10. In ɗan'uwanka ne ya ba ka wadda ka san tarihinta ba laifi.

Ba zan yi kamar komai sauƙi ne ba. Mai yara uku ƙanana ya san kujeru uku ba sa jeruwa a bayan kowace mota, mai hawa tasi ba zai riƙa yawo da kujera a ka kullum ba, akwai kuma yaron da zai yi ta tsala kuka tun daga gida har inda za a, uwar ta ji kamar ta ciro shi. A ta ukun dai amsata ita ce a samu wuri a faka a rarrashe shi, kada a ciro shi mota na tafiya. Ta farkon kuwa ita ce kaɗai inda na yarda zancen canza mota ya taso, kuma ko nan da kujerun za ka je wurin mai sayarwa ka gwada a gabansa kafin a yi maganar kala.

In yaro ya wuce kujera mai igiya ba bel ɗin manya zai koma kai tsaye ba, akwai ta ƙarin tsawo da ke ɗaga shi don bel ya bi ta ƙugu da kafaɗa maimakon ciki da wuya. A Birtaniya ba ya barinta sai ya kai santimita 135 ko shekara 12, a Jamus santimita 150.

Sai wani abu da kujerar baya ta zo da shi wanda dole a faɗa. Yaro na baya, yana kallon baya, ya yi barci shiru, uban kuma kwana uku bai yi barcin kirki ba, yau ne kuma karon farko da aka ce shi zai sauke yaron wurin mai raino, sai ƙwaƙwalwa ta bi hanyar da ta saba ya wuce ofis ya kulle mota. A Amurka yara kusan 37 ke mutuwa duk shekara a cikin mota saboda zafi, fiye da rabinsu mantawa aka yi da su, kuma iyaye ne masu hankali irin kowa. Cikin minti 10 zafin mota a rufe kan ƙaru da wajen digiri 11, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Italiya tun 2019 ta wajabta na'urar ƙararrawa a kujerar yaro ɗan ƙasa da shekara 4. Ni ba ni da na'ura, wayata nake ajewa a ƙasan kujerar baya, don na san ko me zan manta ban da ita.

Shi kuwa abokin namu, satin da ya wuce ya zo da kwali a but ya ce mu gwada. Muka zura hannu a bayan tsohuwar motarsa sai ga ƙugiyoyin nan biyu, ya ce shekara shida yana wanke motar nan bai taɓa sanin suna wurin ba. Kujera ta zauna, muka girgiza ba ta motsa ba, sai dai dole aka turo kujerar mai zaman banza gaba sosai har gwiwa na taɓa dashbod. Ya tsaya ya kalla ya ce ba komai, dama madam ta ce a baya za ta riƙa zama kusa da yaron.