Ƙannena ɗaliban jinya, ina kuke kai darenku?

Assalamu alaikum. Tun safe abin nan yake cin raina.

Yau wajen ƙarfe 7, cikin sanyin nan na Jos da ke sa yatsu su sandare, na tarar da wata ɗaliba a bayan ɗakin majinyata ta jingina da bango, abin awon jini a hannunta, hawaye na zuba a kan rigar sanyinta. Ni na sa ta kukan. Ta rubuta awon wani a katin wani, na ce mata raguwa a gaban mutane. Allah Ya yafe mini. Da na zaunar da ita na ce, "Ƙanwata, yaushe rabonki da barcin kirki?" Ta ce, "Anti, barci ba ya ɗaukata sai wajen ƙarfe 3, kuma 5 na tashi. Wata biyu ke nan. Komai ya fita raina, har karatun."

Kuma fa ba aikin dare take yi ba. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali.

Na sani Allah bai yi mu iri ɗaya ba. Wani da an sallame Isha'i ya fara hamma, wani kuma sai dare ya tsala idonsa ke buɗewa, kuma matasa sun fi karkata can. Wannan halitta ce, ban kira ta zunubi ba. Amma bincike ya sha nuna cewa 'yan dare sun fi faɗawa ciwon damuwa da fargaba, musamman idan aiki na tilasta musu sammako. To ke da kika san haka jikinki yake, me ya sa kike ƙara masa? Ƙarfe 10 na dare ki kaɗa Nescafé, alhali bayan awa 5 kusan rabinsa na nan cikin jininki. Kai kuma goro a kumatu, kwalbar abin ƙara kuzari a gefen katifa. Sannan waya a saman fuska, ana cin garabasar datar dare, daga TikTok a koma hirar guruf. Ku ne fa kuka rubuta a jarrabawa cewa haske da daddare yana jinkirta melatonin, sinadarin da ke jawo barci. Ku ne kuke ce wa mai hawan jini ya samu barcin awa 7 zuwa sama. Wanzami ba ya son jarfa!

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne alfaharin. "Kwana biyu ban runtsa ba." Ana faɗa ana murmushi kamar an ci kyauta. Wanda ya kai awa 17 idonsa biyu, nutsuwarsa na raguwa kamar ta wanda ya ɗan sha abin maye. Da wannan kan za ki lissafa maganin jaririn wata? Da wannan hannun za ka nemi jijiya?

Asuba kuma fa? Ko ta wuce, ko a yi ta ba a san raka'a nawa aka yi ba. Annabi (SAW) ya ce wa mai gyangyaɗi a salla ya je ya kwanta, kada ya zo neman gafara ya ɓige da zagin kansa. Salla ke nan, balle waya.

Aikin dare dole ne, ban ce komai a kansa ba, Allah Ya ba da lada. Daren da yake naku nake magana.

Don Allah ku kwanta. Ba a juya agogon jiki rana ɗaya. Ki riƙa matso da kwanciyarki da minti 15 duk bayan 'yan kwanaki, ki tsayar da lokacin tashi ɗaya har Asabar da Lahadi, ki fita hantsi ya taɓa ki. Kada wanda ya miƙa hannu cikin maganin barcin majinyata, na roƙe ku da girman Allah. Idan kuma ƙunci ya wuce mako 2, abinci ba daɗi, kuka ba dalili, ko zuciya ta fara raya miki gara mutuwa, ki faɗa wa wani yau. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, zuwa can ba hauka ba ne. Ki yi addu'a, ki kuma je.

Gobe zan raka yarinyar nan ganin likita, na kuma nemi gafararta. Ku sa ta a addu'a. Don Allah, ƙannena, ku kwanta.