Akwatin "baƙar fata" ya yi wa 'yan Afirka kaɗan

Bahaushen da ya je asibiti a Amurka, takardar farko da za a miƙa masa tana tambayar jinsinsa, wato launin fatarsa. Akwati ɗaya ne rabonsa: "baƙar fata". A ciki zai tarar da Bayarabe da ɗan Habasha da ɗan Jamaika da jikokin bayi. Gwamnatin Amurka ce ta tsara wannan rabo a 1977 don ƙididdigar hukuma, sai masu binciken cututtuka suka riƙa amfani da shi kamar a jini yake.

Abin ya cuci mutane. Lissafin auna ƙarfin ƙoda na 2009 ya riƙa ƙara wa sakamakon duk baƙar fata kusan kashi 16 cikin 100. Ƙodar da ta fara gajiya sai ta fito garau a takarda, mai ita ya makara shiga layin dashe yana ta kumburin ƙafa. Sai a 2021 manyan ƙungiyoyin likitocin ƙoda na ƙasar suka ce a cire launin fata daga lissafin.

Ba na musun cewa gado na da tasiri. Akwai nau'in ƙwayar halitta ta APOL1 da ke kare mutum daga ciwon barcin ƙudan tsando, amma yana ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Ya yawaita a Yammacin Afirka, a Habasha kuwa da ƙyar ake samunsa, alhali duk akwati ɗaya aka zuba mutanensu. Mu ma da namu sakacin: binciken da aka wallafa a 1996 ya nuna Fulanin Burkina Faso sun fi maƙwabtansu Mossi jure zazzaɓin cizon sauro, ga shi sauro ɗaya ke cizonsu. To, mai binciken da ya rubuta "Hausa-Fulani" a layi guda, me ya auna?

Wasu na cewa a daina tambayar jinsi kwata-kwata. Ban yarda ba. Da ita aka gano cewa mata baƙar fata a Amurka na mutuwa wajen haihuwa kusan ninki uku na fararen fata, har da masu digiri a cikinsu. Wannan adadi yana tona yadda ake kula da mace ne idan ta ce tana jin ciwo.

Don haka a ci gaba da tambaya, amma mai bincike ya faɗi dalilinsa. In gado yake nema, ya gwada jini. In wariya da talauci yake bi, ya tambayi unguwar da mutum yake, ruwan da yake sha, da tafiyar awa nawa ce tsakaninsa da asibiti.