Sushi a Kano: ɗanyen kifi a birnin da ya yi nisa da teku

Kano ba ta taɓa ƙyamar abincin baƙi ba. Shawarmar da Kwarori suka zo da ita yanzu ana naɗe ta a bakin titi daga Zoo Road har Hotoro, gidajen abincin 'yan Sin sun daɗe suna ciniki a wajen Bompai da Nasarawa, gurasa ma da muke taƙama da ita ana danganta asalinta da fataken Larabawa. Saboda haka buɗe gidan abincin da ya haɗa girkin Japan da na Tailan a cikin birni ba abin mamaki ba ne. Ni da aiki ya zaunar da ni a birnin Osaka na Japan, da na zo hutu gida aka kai ni wurin, abin da na fito da shi shi ne cewa masu gidan sun ɗora kasuwarsu a kan ɗanyen kifi, alhali shi ne ɓangaren da Kano ta fi ƙarancin halin riƙewa, sun kuma bar abin da zai fi karɓar garin a shafukan baya na takardar abincinsu.

Bambancin farko da mutum zai lura da shi yana kan matsayin abincin a idon masu cin sa. A Japan akwai gidajen alfarma na sushi, wato dunƙulen shinkafa da akan ɗora wa yankan kifi, inda mutum zai zauna gaban gwani ya bar masa zaɓi, kuma akwai labarin kifin tuna mai kilo 278 da wani mai gidajen sushi, Kiyoshi Kimura, ya saya da kuɗin Japan yen miliyan 333.6 a gwanjon farko na shekarar 2019 a kasuwar Toyosu da ke Tokyo. Amma yawancin mutane ba can suke ci ba. Suna ci ne a gidajen da faranti ke zagayawa a kan bel, tsarin da Yoshiaki Shiraishi ya fara a Higashiosaka a 1958, inda aka shafe shekaru ana sayar da faranti yen 100, magidanci ya kwashi 'ya'yansa ranar hutu su ci su ƙoshi ba tare da aljihu ya yi kuka ba. A Kano kuwa abin ya zo a matsayin shaidar wayewa. Na ga matasa sun fi ɓata lokaci wajen ɗaukar hoton farantin a kan cin sa, na kuma ga wani dattijo cikin babbar riga yana fama da tsinkayen cin abinci, shinkafa tana zubewa, kunya ta hana shi ajiye su. Da wani daga cikin ma'aikatan ya san cewa a Japan ba laifi ba ne a ɗauki sushi da hannu, har ma ana fara miƙo wa baƙo jiƙaƙƙen tawul ya goge hannu, da ya sauwaƙe wa bawan Allah nan, domin babu wanda zai koya wa Bahaushe cin shinkafa da hannu.

Duk wanda ya zauna a Japan ya san cewa da shinkafa ake auna mai sushi kafin a zo kan kifi. Gajeriyar shinkafa ce mai danƙo, wadda ta fi kusa da shinkafar tuwo a kan dafaffiyar shinkafa mai warara da muka saba ci da miya. Ana gauraya ta da ruwan khal da sukari da gishiri tana da zafi, a ajiye ta da ɗan ɗuminta, a dunƙula ta sako-sako yadda za ta riƙe kanta a hannu amma ta warware da zarar ta shiga baki. Wadda aka kawo mana a ranar daga firij ta fito, ta yi sanyi ta yi tauri, an kuma matse ta sosai. Yankan kifin salmon da ke kanta yana da kyan launi, sai dai gefensa ya fara sakin ruwa, alamar an narkar da ƙanƙararsa da gaggawa. Koren yajin da ake kira wasabi ba zan yi ƙorafi a kansa ba, don ko a Osaka mafi yawan abin da ake ba mu haɗin wata saiwa ce mai yaji da aka rina kore; na ainihin a ruwan ƙorama mai sanyi aka fi noma shi, a wurare irin su Shizuoka da Nagano, kuma yana da tsada. Ban ga laifin mai girkin ba ƙwarai game da sanyin shinkafar. Wanda yake aiki a garin da zafi ke kai maki 40 a watan Afrilu dole ya ji tsoron barin komai a waje, kuma tsoron nasa yana kan hanya.

Nan ne ainihin matsalar take. Tsakanin Kano da Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a mota, salmon kuwa ba ya rayuwa a tekunmu, daga ƙasashe masu sanyi irin su Norway ake kawo shi. Kafin yanka ɗaya ya iso faranti sai ya bi ta jirgi, da ma'ajiyar sanyi, da mota, da firizar gidan abincin, kuma a kowane zango ana buƙatar wutar da ba ta yankewa, a ƙasar da kowa ya san janareta ne ke riƙe da sana'a. Ɗanyen kifin teku yana iya ɗauke da tsutsar da ake kira anisakis, wadda gishiri da khal da wasabi ba sa kashe ta, sai wuta ko daskarewa mai tsanani. Ƙa'idar hukumar abinci da magunguna ta Amurka ita ce a daskarar da kifin da za a ci ɗanye a maki 20 ƙasa da sifili har kwana 7, Tarayyar Turai kuma ta sa aƙalla awa 24 a wannan sanyin. Ko an cika wannan, kifin da ya narke a hanya aka sake daskarar da shi ya riga ya ba ƙwayoyin cuta dama. Abin da na fi tsoro ma shi ne ranar da wani zai ga tsadar kifin waje ya ce bari ya yanka karfasa ko giwan ruwa daga madatsar Tiga ya kawo ɗanye. Ita Tailan ɗin da gidan ke sayar da girkinta ta ɗanɗana kuɗar wannan: a arewa maso gabashin ƙasar, inda ake cin yankakken ɗanyen kifin kogi, tsutsar hanta ta sa yankin Khon Kaen yana cikin wuraren da ciwon dajin hanyoyin matsarmama ya fi yawa a duniya. Ɗanyen kifin ruwan daɗi bai kamata ya hau teburin kowa ba, komai kyan yankansa.

Za a ce da ni mai gida kasuwa yake nema, kuma abin da masu kuɗi suka gani a Dubai da Landan da Instagram shi suke so a kawo musu. Gaskiya ne, sai dai tarihin abincin kansa bai goyi bayan cewa ɗanyen salmon shi ne sushi na asali ba. Lokacin da Hanaya Yohei ya shahara da dunƙulen sushi a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, a wajajen 1820, babu firij a duniya, don haka masu sana'ar sukan jiƙa tuna a ruwan waken suya, su tsuma wani kifin a gishiri da khal, su dafa jatan lande, su tafasa wani a romo. Salmon kuwa Japanawa ba su saba cin sa ɗanye ba sai da Norway ta yi ta tallata musu nata na kiwo tun daga shekarun 1980. Birnin da ya fi dacewa Kano ta duba shi ne Kyoto, tsohuwar fadar sarautar Japan, wadda ita ma ba a bakin teku take ba. A da, daga gaɓar Wakasa ake ɗauko kifin saba a ƙafa, a barbaɗe shi da gishiri, a ratsa duwatsu da shi tafiyar kimanin kilomita 70, kafin ya iso gishirin ya ratsa shi daidai. Daga wannan larura mutanen Kyoto suka fitar da sushinsu na saba, wanda har yau abincin biki ne a wurinsu, kuma babu wanda yake ganin sa ƙasa da na Tokyo.

Kifin saba ɗin nan ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ne wanda matan Kano suke saya da sunan Titus, kuma wani kaso mai yawa na wanda ake ci a Japan yanzu ma daga Norway yake zuwa. A yankin Fukui na Japan gasa shi suke yi, su ɗora shi a kan shinkafar sushi da citta a tsakani, su danne, su yayyanka. Babu abin da zai hana a yi wannan a Nasarawa, da kifin da aka ɗauko kai tsaye daga ma'ajiyar sanyi, ba tare da an jefa cikin kowa a haɗari ba. Akwai kuma inari, wato aljihun soyayyiyar awara da ake dafawa da ɗan zaƙi a cusa masa shinkafa, a garin da kowane lungu akwai mai suyar awara. Akwai sushin wainar ƙwai, da naɗin kokwamba, da na dafaffen jatan lande. Riɗin da ake barbaɗawa a kai kuwa, Japan tana cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya, wanda wani ɓangarensa ta kasuwar Dawanau yake bi, cittar da ake tsumawa a khal kuma ga ta nan jibge a kudancin Kaduna. Duk waɗannan suna cikin girkin Japan na haƙiƙa, ba kwaskwarima ba ce da aka yi don a lallashi baƙo, amma a takardar gidan guda biyu kawai na gani daga cikinsu, su ma a can ƙasa.

Ɓangaren Tailan shi ne ya tashi teburinmu. Yayata, wadda ta ture farantin salmon tana cewa da ma'aikacin, "Ɗan nan, don Allah ko za a ɗan soya mini shi?", ita ce ta fara neman ƙarin miyar tom yum. Miyar ta zo tana tururi, jan mai yana yawo a samanta, ƙamshin lemon tsami da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke jefawa a shayi ya riga cokali isa hanci, yajin kuma bai yi wa kowa ƙarya ba. Taliyar pad thai da ta biyo baya tsamiya ce da dakakkiyar gyaɗa da barkono da ƙwai, harshen da ya tashi da kunun tsamiya da ƙuli-ƙuli ba ya buƙatar a yi masa bayaninsu. Ruwan kifin da mutanen Tailan suke tsumawa su zuba a girki aikin da daddawa take yi a miyarmu shi yake yi, ƙarfin warinsa a kwalba ya ɓace a tukunya ya bar ɗanɗano. Duk abin da aka kawo mana daga wannan ɓangaren ta wuta ya bi, kuma mafi yawan kayan haɗin ana samun su a 'Yan Kaba. Ba haka kawai abincin Tailan ya cika duniya ba: gwamnatin firaminista Plaek Phibunsongkhram ce ta tallata pad thai a matsayin abincin ƙasa a wajajen 1940, a 2002 kuma gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da shirin ƙara yawan gidajen abincinta a ƙasashen waje, har UNESCO ta sanya tom yum na jatan lande cikin al'adun gado na duniya a 2024, bayan ta sanya girkin gargajiya na Japan a 2013. A ganina wannan ɓangaren ne zai biya kuɗin haya da na gas ɗin janareta bayan masu ɗaukar hoto sun koma wani sabon wurin.

Saura batun da Musulmin da ya zauna a Japan ba ya mantawa da shi ko da ya dawo gida. Kifin kansa ba shi da matsala, domin aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da aka kamo a teku, mazhabar Malikiyya da muke bi kuma ta fi sauran faɗi a wannan babi. Inda ake tsayawa shi ne kayan haɗi. Girkin Japan yana yawan amfani da mirin, wani ruwa mai zaƙi da ake yi da shinkafa wanda na ainihinsa yake da barasa kusan kashi 14 cikin 100, da kuma giyar sake, ana zuba su a romon da ake shafa wa gasasshen kifi, wani lokaci har a haɗin shinkafar. Ruwan waken suya ma tsimuwarsa takan haifar da 'yar barasa kaɗan, shi ya sa ake yin wanda ke da shaidar halal. A Osaka mun saba juya kwalba mu karanta bayanta, kuma ma'aikacin da aka tambaya zai shiga ciki ya dawo da amsa, wani lokaci har da kwalbar a hannunsa. Tailan ta fi sauƙi ta wannan fuska, don tana da Musulmi masu yawa a lardunan Pattani da Yala da Narathiwat, majalisar Musulunci ta ƙasar tana ba da hatimin halal, jami'ar Chulalongkorn ma tana da cibiyar binciken kayan halal. Da na tambayi yaron da ke yi mana hidima ko akwai mirin a romon, cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, ai nan Kano ce, komai namu halal ne." Na yarda da zuciya ɗaya ya faɗa, amma amsar ta nuna ba a taɓa gaya masa mene ne mirin ba. Hukunci na malamai ne, kuma sun yi maganganu mabambanta a kan barasar da ta ƙone a girki, sai dai mai ci ba zai iya kai musu tambaya ba idan bai san abin da ke cikin kwanon ba. Ya kamata masu gidan su rubuta a takardar abinci irin ruwan waken suya da khal da suke amfani da su, da ƙasar da kifinsu ya fito, da ranakun da sabon kaya ke iso musu, su kuma zaunar da ma'aikatansu su koya musu waɗannan amsoshi kafin watan Afrilu ya zo da zafinsa.