A buɗe wa matasa ƙofar koyon aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma

Ka shiga sakatariyar ƙaramar hukuma da hantsi, za ka tarar da su: 'yan bautar ƙasa cikin kaki a gindin darbejiya suna latsa waya, ga ɗalibin da makaranta ta turo koyon aiki rungume da littafinsa, yana jiran mai sa hannu. "Oga bai shigo ba, ka dawo jibi." Haka wata shida zai wuce, yaro ya koma makaranta bai taɓa ganin yadda ake tsara kasafin kuɗi ba.

Abin da ke min ciwo shi ne, ba tsari muka rasa ba. Tun 1973 aka kafa hukumar bautar ƙasa ta NYSC, a shekarar ce kuma asusun horas da ma'aikata na ITF ya fito da shirin koyon aiki na SIWES don ɗalibai su ga aiki da idonsu. A harabarta ta Kongo a Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashe guda na nazarin mulkin ƙananan hukumomi. Ɗaliban nan suna fitowa duk shekara, amma ƙofar sakatariya ba ta buɗuwa sai ga mai uwa a gindin murhu.

Alhali aikin yana nan jibge. Akwai dattijon malamin haraji da ya san kowace rumfa a kasuwar garin da ka, ba ya buƙatar duba takarda. Ranar da ya yi ritaya, ilimin nan ya bi shi gida. Me zai hana a haɗa shi da matashiyar da ta karanci lissafin kuɗi, su zaga kasuwa tare, ta shigar da rumfunan cikin kwamfuta? Wanda ya karanci injiniya ya bi sashen ayyuka wajen gyaran rijiyar burtsatse, mai digirin noma ya bi malamin gona ƙauye.

Da can, shugabanni na fakewa da cewa kuɗinsu na maƙale a asusun haɗin gwiwa da jiha. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, gaskiya ne, amma ɗaukar matasa goma a shekara, da alawus da mai kula da su da jarrabawa a fili, bai fi ƙarfin kowane ciyaman ba. A Kano kaɗai, da ƙananan hukumominta 44, matasa 440 ke nan duk shekara.