Zakin da muryarsa ke kuka, fuskarsa ba ta yi

Jama'a, ina da magana a kan wannan ɗabi'a da kamfanin Disney ya ɗauka ta kwaso tsofaffin katun ɗinsa masu waƙoƙi yana sake yin su da mutane na gaske, ko da hoton kwamfuta mai kama da gaske. Na san wasu za su ce meye abin tada jijiyar wuya, ai kallon yara ne. To wannan raini da ake wa katun shi ne ma tushen abin da ke damuna.

Ku ɗauki The Lion King na 1994, wanda akasarinsa da hannu aka zana. Duk wanda ya kalla ya san wurin da garken namun daji suka bi ta kwazazzabo, Mufasa ya faɗo, ƙura ta lafa, ɗan Simba ya zo kan gawar ubansa. Yana tura shi da kai, yana jan kunnensa, yana cewa ya tashi su tafi gida. Idanunsa sun ciko, kunnuwansa sun kwanta, ƙarshe ya shige ƙarƙashin hannun gawar ya kwanta. Manya da gemunsu sun share hawaye a wurin nan. Yanzu ku je ku kalli wannan wurin a fim ɗin 2019 da Jon Favreau ya ba da umarni. Kowane gashin jikin zakin ana gani, haske da ƙura sun fito kamar mutum yana tsaye a dajin Kenya. Amma yaron da ya ba Simba murya yana kuka, fuskar da muke gani kuwa ta ɗan zaki ce kawai, kamar a shirin namun daji na talabijin. Zakin gaske ba ya da girar da zai ɗaga, ba ya zubar da hawayen maraici. Da suka zaɓi kama da gaskiya, sai suka ɗaure hannun kansu.

Abin mamaki ma, fim ɗin ba a daji aka ɗauke shi ba. Favreau da kansa ya ce hoto ɗaya tak ne na gaske a ciki, fitowar rana ta farkon fim. Sauran duka kwamfuta ce. Wato katun ne dai, amma katun mai jin kunyar a kira shi katun.

Waƙoƙin su suka fi shan wahala. A na 1994, da Simba ya fara waƙar ɗokin zama sarki, launin duniyar gaba ɗaya sauyawa yake yi, dabbobi su hau kan juna su yi tsiri har su rushe. A sabon, 'yan zaki biyu ne ke guje-guje a bakin ruwa. Waƙar Scar, mugun ƙanin Mufasa, kuwa, mai koren hayaƙi da faretin kuraye, an yanke ta ta koma gajeriya, rabinta magana ce. Kuma Chiwetel Ejiofor ne ya ba shi murya, ɗan wasa mai nauyi wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, sai dai ba a ba shi filin ba. Mu da muka tashi da tatsuniya mun san wannan sirrin tun muna ƙanana. Ba wanda ya taɓa cewa sai Gizo ya yi kama da gizo-gizon da ke saƙa a kusurwar ɗaki kafin mu yarda ya yaudari kura. Da an kawo mana na gasken mai ƙafa takwas, da labarin ya mutu nan take.

Haka aka yi wa Aladdin a 2019. Aljanin 1992 Robin Williams ne ke zuba magana yadda ta zo masa, masu zane suna bin muryarsa suna juya aljanin zuwa duk abin da ya ambata cikin ƙiftawar ido. Will Smith, da ya fito a aljanin sabon, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma jikin ɗan Adam ba ya narkewa ya koma wani abu daban a tsakiyar baiti. Mulan na 2020 kuwa cire waƙoƙin aka yi baki ɗaya, aka cire Mushu, ɗan ƙaramin dodon da ke raka ta.

Ba duka nake kushewa ba. The Jungle Book na 2016 ya yi kyau, domin ya kawo abin da tsohon bai da shi. Kuma waɗanda suka yi ta zagin Halle Bailey saboda baƙar fata ce ta fito a The Little Mermaid na 2023 ba su kyauta ba ko kaɗan, yarinyar Allah ya ba ta murya, ita ce ma abin da ya fi kyau a fim ɗin. Matsalar tana wajen abokanta, kifi da ƙaguwa da aka mayar kamar waɗanda aka tsamo daga koma. Ga tsawo: na 1989 minti 83 ne, sabon ya kai 135. Yaro ɗan shekara shida ya zauna fiye da awa biyu a kan labarin da a da aka gama masa kafin ya fara mutsu-mutsu.

Dalilin yin su ba ɓoyayye ba ne. Sabon Lion King ya tara sama da dala biliyan 1.6, Beauty and the Beast na 2017 da Aladdin kowanne ya haura biliyan ɗaya. Yaran da suka kalli na farko su ne iyaye yanzu, kuma su ke sayen tikiti. Snow White na 2025 ya faɗi warwas, muka ce ko za su hankalta, sai Lilo & Stitch ya fito a shekarar ya haura biliyan. Muddin muna biya, za su ci gaba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne katun ba ya buƙatar wannan ceton. Coco na 2017 ya kai mu Meksiko, ya yi wa yara maganar mutuwa da tuna kakanni cikin waƙa. Encanto ya yi maganar nauyin da dangi ke ɗora wa 'ya'ya. Ne Zha 2 na ƙasar Sin ya tara sama da dala biliyan biyu a 2025. Flow kuma, daga ƙaramar ƙasar Latbiya, labarin wata kyanwa ne a cikin ambaliya, ba kalma ko ɗaya a ciki, an yi shi da manhajar Blender da kowa zai iya saukewa kyauta, kuma ya doke manyan kamfanoni ya ɗauki lambar yabon fina-finai ta Oska a 2025. Matasanmu masu kwamfuta a Kano da Kaduna da Zinder ya kamata su zauna su kalli wannan da kyau.

Disney ɗin nan sun san hanyar. A 2024 sun haɗa kai da matasan Kugali, wani kamfanin 'yan Afirka, suka fitar da Iwájú, labarin Legas ta nan gaba, kashi shida kacal. Irin wannan nake so a zuba wa kuɗi. Maimakon haka sai ga shi an ɗauko Moana, katun ɗin 2016, an shirya sake shi da mutane a 2026, Dwayne Johnson ya sake fitowa a matsayin Maui da ya riga ya ba murya. Yaran da suka kalli na farkon suna firamare, yau ko jami'a ba su gama ba.